Yadda Mutanen Boston Suka Tsaya wa Gudaddun Bayi

Mutumin da ya gudo daga zalunci, ya faɗo garin da ba shi da uwa ba shi da uba, ransa yana hannun mutanen garin nan ne. In sun ba shi masauki, sun rufa masa asiri, ya tsira. In kuwa kowa ya ja ƙofarsa ya rufe, ya ce ba ruwansa, to, wanda ya biyo sawunsa zai kama shi a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ba mai cewa kanzil. Wannan labarin wani birni ne na ƙasar Amurka, sunansa Boston, da yadda mutanensa suka yi ta taruwa tsakanin shekarar 1842 da 1855 don su hana a komar da waɗanda suka gudo musu daga bauta. Wani karo su ci nasara, wani karo a kayar da su. Mai karatu zai ga abin da taron jama'a ya ke iya yi wa baƙo mai neman mafaka, da kuma abin da ba ya iyawa.

Asalin Maganar

Ƙasar Amurka jiha jiha ce. Ko wace jiha tana da majalisarta da dokokinta, sa'an nan akwai gwamnatin tarayya wadda ta ke bisansu duka. A zamanin da a ke magana, jihohin kudu suna noman auduga da taba da rake da shinkafa, kuma bayi ke yin noman, watau baƙar fata waɗanda aka kwaso kakanninsu daga Afirka. Bisa ga ƙidayar 1850, yawan bayin nan ya wuce miliyan 3. Jihohin arewa kuwa sun bar bauta. Jihar Massachusetts, wadda Boston ke babban birninta, tun 1783 alƙalanta suka yanke cewa ba bauta a cikinta.

Amma da sauran rina a kaba. Cikin babbar dokar da ta haɗa jihohin nan, an rubuta cewa bawan da ya gudu daga wata jiha zuwa wata, sai a komar da shi ga ubangijinsa. Saboda haka wanda ya tsere ya isa arewa bai gama tsira ba tukuna. Sai ya ƙetare zuwa Kanada, wadda ke ƙarƙashin Ingila, inda aka kashe bauta tun 1834, kana ya yi barci da ido biyu rufe.

Boston birni ne na bakin teku. Jiragen ruwa su kan zo daga kudu da kaya, wani lokaci kuma a tarar da mutum ya ɓuya a tsakanin kayan, ya yi kwana da kwanaki cikin duhu da sanyi. Mutanen birnin a 1850 sun kai wajen 137,000, baƙar fata a cikinsu kamar 2,000 ne kawai, galibinsu suna zaune a unguwa guda, a bayan wani tudu da a ke kira Beacon. Attajiran birnin da yawa arzikinsu na auduga ne. Suna sayen ta daga kudu, suna saƙa ta a masaƙun injin na garuruwan kusa, kamar Lowell. Irin waɗannan ba su son abin da zai ɓata tsakaninsu da masu bayi. Ashe ke nan ba dukan mutanen Boston ne bakinsu ya zo ɗaya ba.

Akwai wuri biyu da a kan taru. Na fari shi ne majami'ar baƙar fata, wadda suka gina a unguwarsu cikin 1806, ita ce wurin ibadarsu, ita ce makarantar 'ya'yansu, ita ce kuma zauren shawararsu. Na biyu shi ne babban zauren gari, Faneuil Hall, kasuwa a ƙasa, ɗakin taro a bisa. Wani attajiri, Peter Faneuil, shi ya gina wa gari shi cikin 1742, kuma abin mamaki, shi kansa ya taɓa cinikin bayi.

Taro na Fari

Cikin watan Oktoba 1842 aka kama wani mutum a Boston, sunansa George Latimer, wanda ya gudo daga jihar Virginia tare da matarsa. Aka kulle shi a kurkukun gari kafin ubangijinsa ya kawo shaida. Mutane suka taru a Faneuil Hall, suka kuma yi ta taruwa a ƙauyuka. Da ubangijin ya ga abin ya yi zafi, sai ya karɓi dala 400 ya bar shi.

Masu taron ba su tsaya nan ba. Suka rubuta takardar kuka zuwa ga majalisar jiha, suka bi gari gari da ita, har mutum wajen 65,000 suka sa hannu. Cikin 1843 majalisa ta yi doka, ta hana alƙalan jiha da 'yan sandanta sa hannu cikin kamun gudajjen bawa, ta kuma hana a kulle shi a kurkukun jiha. Daga nan mutane suka gane cewa taro yana iya haifar da doka.

Cikin waɗanda suka ratsa Boston a shekarun nan har da wani mai jinin ƙasar Hausa. Sunansa Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Jugu, wani zango a kan hanyar fataken goro ta zuwa Gwanja, cikin ƙasar da a yau a ke kira Benin, uwarsa kuwa mutuniyar Katsina ce. Aka kama shi, aka sayar, aka ƙetare da shi zuwa Birazil. Cikin 1847 ubangijinsa ya zo da shi New York a jirgin ruwa mai ɗauke da kofi. Masu ƙin bauta na can suka kai maganarsa gaban shari'a, alƙali ya ce a komar da shi jirgi. Sai aka fitar da shi daga kurkuku a ɓoye, aka kawo shi Boston, aka riƙe shi wajen mako huɗu, sa'an nan aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar Haiti. Cikin 1854 aka buga labarin rayuwarsa a birnin Detroit.

Dokar 1850

Masu bayi suka yi ta gunaguni, suna cewa arewa tana cinye musu dukiya, har suna kurarin za su fita daga tarayya. Don a lallashe su, majalisar tarayya ta yi sabuwar doka, Shugaba Millard Fillmore ya sa mata hannu ran 18 ga Satumba 1850.

Ga abin da dokar ta ƙunsa. Gwamnatin tarayya za ta naɗa waɗansu ma'aikata da a ke kira kwamishina, su za su riƙa sauraron ƙarar masu bayi. Wanda aka kama ba shi da ikon ya buɗe baki ya ba da shaida a kan kansa. Ba za a kira mutanen gari goma sha biyu su saurari maganar ba, kamar yadda al'adar shari'ar ƙasar ta ke. In kwamishina ya ba mai ƙara mutumin, ladansa dala 10. In ya sake shi, dala 5. Wanda ya ɓoye gudajje, ko ya taimake shi, za a iya cin sa tara har dala 1,000, da ɗauri har wata shida. Har ma an ba 'yan sandan tarayya iko su kira ko wane mai wucewa ya taya su kamu.

Tsoro ya faɗa wa unguwar baƙar fata. Waɗansu sun shekara goma a Boston, sun yi aure, sun haifu, sun kama sana'a, amma cikin 'yan kwanaki suka tattara abin da za su iya ɗauka suka nufi Kanada. Ko wanda aka haifa ɗa bai tsira daga fargaba ba, gama in wani ya rantse cewa bawansa ne, ba shi da bakin musu.

Baƙar fata su suka fara taruwa. Ran 4 ga Oktoba suka cika majami'arsu, suka ƙulla cewa ba za su bari a tafi da ko ɗaya daga cikinsu ba, suka kuma yi kira ga sauran mutanen gari. Shugaban taron shi ne Lewis Hayden. Shi kansa gudajje ne. An haife shi bawa a jihar Kentucky, aka sayar da matarsa ta fari da ɗansa yana ji yana gani, bai sake ganinsu ba. Cikin 1844 ya tsere da matarsa ta biyu, Harriet, daga baya ya zauna a Boston, ya buɗe kantin tufafi.

Ran 14 ga Oktoba aka amsa kiran. Faneuil Hall ya cika maƙil, baƙi da farare. Charles Francis Adams, ɗan tsohon shugaban ƙasa kuma jikan wani, shi ya shugabanci taron. Frederick Douglass, wanda shi ma ya gudo daga bauta cikin 1838 ya zama mashahurin mai magana, ya tashi ya bayyana wa jama'a halin da 'yan'uwansa su ke ciki. Wani limamin majami'a, Theodore Parker, da wani gwanin jawabi, Wendell Phillips, su ma suka yi magana.

Da jawabi kaɗai aka yi aka watse, da ba a tuna da taron nan ba. Abin da ya ba shi daraja shi ne, kafin a tashi, an zaɓi mutum 50 aka ɗora musu aiki, aka kira su Kwamitin Sa Ido. Daga baya yawansu ya wuce 200.

Yadda Aka Raba Aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamiti ya kasa aikinsa kashi kashi. Akwai masu neman kuɗi, su ke rubuta wa majami'u da masu hali takarda. Akwai lauyoyi, waɗanda aikinsu shi ne su tsaya wa duk wanda aka kama, su kuma ja shari'a ta yi tsawo. A cikinsu akwai Richard Henry Dana, da Robert Morris, ɗaya daga baƙar fata na fari da suka zama lauya a Amurka. Akwai masu tsaron hanya, su ke lura da masaukin baƙi da tashar jiragen ruwa, in sun ga baƙon fuska daga kudu yana tambaye tambaye, su kai labari. Akwai wani matuƙin jirgin ruwa, Austin Bearse, wanda ya kan fita da ƙaramin jirginsa kamar mai yawon kamun kifi, ya ɗauko wanda ya ɓuya a babban jirgi tun kafin a iso gaɓa.

Ma'ajin kwamiti wani dattijo ne, Francis Jackson. Ya riƙe littafin lissafi tun daga 1850 har 1861, kuma littafin yana nan har yanzu. Wanda ya duba shi ba zai ga manyan maganganu ba. Abin da ke ciki shi ne kuɗin kwana da abinci, kuɗin riga da takalmi, kuɗin jirgi zuwa Kanada, kuɗin buga takardun gargaɗi da a kan manna a bango. Ta haka aka taimaki mutum fiye da 300.

Ya kamata a faɗi gaskiya a kan abu biyu. Baƙar fata kaɗan ne cikin jerin sunayen kwamiti, amma su ke ɗauke da aikin da ya fi haɗari, domin a gidajensu a ke saukar da gudaddu. Mata kuma ba a rubuta su cikin 'yan kwamiti ba, alhali kuwa su ke dafawa, su ke ɗinki, su ke jiyyar wanda ya iso da ciwo. Gidan Lewis da Harriet Hayden shi ne babban masauki. Ran da shahararriyar marubuciyar nan Harriet Beecher Stowe ta ziyarci gidan cikin 1853, ta tarar da gudaddu 13 a ciki.

William da Ellen Craft

Ba a yi mako biyu da taron ba sai gwaji ya zo. Akwai wani mutum da matarsa a Boston, William da Ellen Craft, waɗanda labarin gudunsu ya bazu ko ina. Daga garin Macon na jihar Georgia suka fito cikin Disamba 1848. Ellen fara ce sol, domin ubangijin uwarta shi ne ubanta. Sai ta yanke gashinta, ta sa tufafin maza, ta fito kamar wani saurayi Bature mai hali mara lafiya. Ta ɗaure fuska da tsumma don kada a lura ba ta da gemu, ta rataye hannun dama don kada a ce ta sa hannu a takarda, gama ba ta iya rubutu ba. Mijinta ya bi ta a matsayin bawanta. Haka suka yi tafiyar wajen mil 1,000, a jirgin ƙasa da na ruwa, har suka isa arewa.

A ƙarshen Oktoba 1850 mutum biyu suka iso Boston daga Macon, Hughes da Knight, suka karɓi waranti don kama su. Nan da nan kwamiti ya tashi. Aka ɓoye Ellen a bayan gari, daga baya a gidan Parker. William ya koma gidan Hayden, Hayden kuwa ya sanar cewa ya ajiye albarushi a ƙarƙashin ƙofarsa, duk ran da aka fasa masa gida zai cinna wuta kowa ya hallaka. Aka buga kamannin baƙin nan biyu aka manna a bango. Duk inda suka bi, jama'a na bin su da ihu. Lauyoyin kwamiti suka yi ta kai su ƙara, yau a kan ɓata suna, gobe a kan ƙulla satar mutum, ko wane karo sai an yi belinsu da kuɗi masu yawa. Mai farauta ya koma abin farauta. A ƙarshe Parker ya ɗebi jama'a suka je masaukinsu, ya gaya musu cewa ba zai iya lamunce musu lafiyarsu ba in sun ƙara kwana. Ran nan suka hau jirgin ƙasa suka bar gari.

Duk da haka kwamiti ya san za a dawo. Ran 7 ga Nuwamba Parker ya ɗaura wa William da Ellen aure bisa doka, abin da ba a yarda wa bayi ba a kudu. Aka bi da su ta Kanada, suka shiga jirgi zuwa Ingila, suka zauna can kusan shekara 20.

Shadrach da Sims

Ran 15 ga Fabrairu 1851 'yan sandan tarayya suka shiga wani gidan abinci, suka kama mai kai wa baƙi abinci, Shadrach Minkins, wanda ya gudo daga Virginia. Suka wuce da shi ɗakin shari'a. Kafin a jima labari ya kai unguwa. Lauyoyi suka sheƙo, suka roƙi a ɗaga shari'a, aka ɗaga. Ana cikin fita sai wani gungun baƙar fata, Hayden na cikinsu, suka banke ƙofa, suka sungumi Shadrach, suka ɓace da shi cikin taro. Daga gida zuwa gida, daga ƙauye zuwa ƙauye, wani maƙeri a garin Concord da matarsa suka ba shi abinci da wurin hutawa, har ya isa Montreal ta Kanada. Can ya zauna, ya yi aure, ya rasu cikin 1875. Gwamnati ta gurfanar da Hayden da Morris da waɗansu gaban shari'a, amma ba wanda aka samu da laifi ko ɗaya.

Wannan abu ya kunyata gwamnati ƙwarai, ta ƙudura ba za a sake ba. Ran 3 ga Afrilu aka kama wani saurayi magini, Thomas Sims, wanda ya ɓuya a jirgin ruwa daga Savannah ta jihar Georgia. Wannan karo aka kewaye ɗakin shari'a da sarƙa, har babban alƙalin jiha sai da ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashinta kafin ya shiga. Aka yi taro, aka yi jawabi, lauyoyi suka gwada ko wace ƙofa, ba ta buɗe ba. Waɗansu suka shirya a shimfiɗa katifu a ƙarƙashin tagar ɗakin da ya ke, ya diro da dare. Kafin lokacin ya yi sai suka ga maƙera suna kafa wa tagar ƙarafa.

Ran 12 ga Afrilu, tun da asuba, 'yan sanda wajen 300 suka sa shi a tsakiya suka kai shi jirgi. 'Yan kwamiti kaɗan suka bi su har bakin ruwa, ba abin da suka iya sai addu'a. Da aka isa Savannah aka yi masa bulala 39 a bainar jama'a. Sai cikin 1863, lokacin yaƙi, ya sami hanyar tserewa kuma. Bayan tafiya da shi, kwamiti ya manna takarda a bangayen gari, yana gargaɗin baƙar fata su yi nesa da 'yan sandan Boston, domin an mai da su masu kamun bayi.

Anthony Burns

Gwaji mafi girma ya zo bayan shekara uku. Anthony Burns saurayi ne daga Virginia, ya iya karatu da rubutu. Ya ɓuya a jirgi ya iso Boston, ya sami aiki a kantin tufafi. Sai ya rubuta wa ɗan'uwansa takarda, takardar ta faɗa hannun ubangijinsa, Charles Suttle. Ran 24 ga Mayu 1854 aka kama shi a hanya, aka yi masa ƙaryar ana tuhumarsa da sata, don kada ya yi kururuwa.

Ran 26 ga Mayu da dare aka cika Faneuil Hall. A nan aka yi kuskuren da ya kamata ko wane mai shirya taro ya sani. 'Yan kwamiti ba su daidaita a kan shawara guda ba. Waɗansu suna so a jira gari ya waye, waɗansu kuwa, Hayden da wani limami, Thomas Wentworth Higginson, sun shirya a fasa ɗakin shari'a a daren nan, jama'ar zaure su biyo baya. Saboda cunkoso, saƙon bai kai ga masu jawabi yadda ya kamata ba. Masu fasawa suka ɗauki gungume suka karya ƙofa, amma su kaɗan ne, jama'a ba su iso tare ba. Cikin rikicin aka kashe ɗaya daga masu tsaro, James Batchelder. Burns kuwa yana nan a kulle a bene.

Shugaba Franklin Pierce ya ba da izini a kawo soja. Limamin wata majami'ar baƙar fata, Leonard Grimes, ya bi attajirai ɗaya ɗaya ran Asabar, ya tara dala 1,200 don fansa, Suttle kuma ya yarda ya karɓa. Amma lauyan gwamnati ya yi ta jan magana har sha biyun dare ta buga, aka ce Lahadi ta shiga, ba a ciniki. Daga nan maganar fansa ta mutu. Dana ya tsaya wa Burns iyakar ƙoƙarinsa. Ran 2 ga Yuni kwamishina Edward Loring ya yanke cewa a ba Suttle mutuminsa.

Ran nan Boston ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Mutum wajen 50,000 suka cika hanyar da za a bi da shi zuwa bakin ruwa. Aka rufe kantuna, aka rataya baƙin ƙyalle a tagogi kamar gidan makoki, aka ɗaga akwatin gawa bisa titi, alamar 'yanci ya mutu. Soja da bindigogi, har da igwa, suka ratsa da mutum guda a tsakiyarsu. An ƙiyasta abin da aka kashe don komar da shi ya kai dala 40,000.

A ido, an kayar da kwamiti. Amma waɗanda suka tsaya a titi ran nan ba 'yan kwamiti kaɗai ba ne. Har da attajiran da dā su ke goyon bayan dokar. Ɗaya daga cikinsu, Amos Lawrence, mai masaƙun auduga, ya rubuta wa wani danginsa cewa sun kwanta suna masu son a yi sulhu da kudu, sun wayi gari suna maƙiyan bauta. Abin da jawabi na shekara da shekaru bai yi ba, ganin ido na yini guda ya yi shi.

Grimes bai saki maganar Burns ba. Ya bi sawunsa har ya gano an sayar da shi ga wani a jihar North Carolina, ya sake tara kuɗi, cikin 1855 ya fanso shi a kan dala 1,300. Burns ya shiga makaranta a Oberlin, ya zama limamin majami'a a St. Catharines ta Kanada. Wahalar kurkuku ta riga ta ci jikinsa, ya rasu cikin 1862 yana da shekara 28.

Abin da Ya Biyo Baya

Cikin 1855 majalisar Massachusetts ta yi sabuwar doka mai ƙarfi, wadda ta ba wanda aka kama ikon a kai maganarsa gaban mutanen gari goma sha biyu, ta kuma ɗora wa mai ƙara nauyin kawo shaida. Jama'a suka yi ta kai kuka a kan Loring, har cikin 1858 aka tuɓe shi daga alƙalancin da ya ke riƙe da shi na jiha. Bayan Burns ba a sake komar da ko mutum ɗaya bauta daga Boston ba.

Taro bai kashe bauta a Amurka ba. Sai da aka yi yaƙin basasa tsakanin arewa da kudu, daga 1861 zuwa 1865, aka yi hasarar rayuka dubu ɗaruruwa. Aka soke dokar gudaddun bayi cikin 1864, aka haramta bauta a ƙasar duka cikin 1865. Lewis Hayden, wanda aka taɓa gurfanarwa don ya ƙwaci mutum daga hannun 'yan sanda, aka zaɓe shi ɗan majalisar jiha cikin 1873. Da matarsa Harriet ta rasu, ta bar wasiyya a ba jami'ar Harvard abin da suka tara, don taimakon 'ya'yan baƙar fata masu koyon aikin likita.

Abin da mutanen Boston suka tsaya a kai, watau kada a komar da mai neman mafaka hannun wanda ya gudo masa, ya daɗe kafin ya zama doka tsakanin ƙasashe. Cikin 1951 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Janeba, aka rubuta cewa kada wata ƙasa ta komar da ɗan gudun hijira inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Ƙasashen Afirka kuma suka ƙulla tasu a Adis Ababa cikin 1969.

Amma labarin Boston ya nuna cewa doka, mai kyau ce ko mummuna, sai da hannun mutanen gari ta ke aiki. Ran da suka raba aiki, kowa ya san nasa, William da Ellen sun tsira. Ran da suka cika zaure ba su daidaita shawara ba, an tafi da Burns suna kallo. Ko a ran nan ma, wanda bai gaji ba ya ci gaba da bin gida gida da ƙoƙon tara kuɗi, har ya dawo da shi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in dai yawan yana da tsari. Zauren Faneuil yana nan tsaye, baƙi suna zuwa kallonsa, gidan Hayden ma yana nan a bayan tudu. Amma wanda ke so ya san yadda aka ceci mutanen nan fiye da 300, sai ya duba littafin ma'aji Francis Jackson, inda aka rubuta wanda ya ba da ɗaki, da wadda ta dafa abinci, da abin da aka biya na jirgi.